Yadda Ƙaramin Injin Dafa Zumar Mapul Yake Aiki Ga Sabon Shiga

Idan ka taɓa lura da jan ganyen da ke tsakiyar tutar Kanada, to ganyen itacen mapul ne. Daga ruwan jikin wannan itace ake samun wata zuma mai kauri da ake zubawa a kan fanke, kuma lardin Kebek kaɗai yana samar da kusan kashi 70 cikin 100 na abin da duniya take sha. A yau za mu duba injin da ake dafa ta, musamman ƙaramin da masu koyo suke farawa da shi a bayan gidajensu a Kanada da jihohin arewa maso gabashin Amurka.

Mene ne aikin injin?

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da dare yake daskarewa rana kuma ta ɗan yi ɗumi, sai a huda itacen a tari ruwansa. Ruwan nan kusan salam yake, sukarin cikinsa yawanci wajen kashi 2 cikin 100 ne kawai. Kafin a kira shi zumar mapul sai sukarin ya kai kashi 66. Aikin injin guda ɗaya ne: ya kori ruwa ya bar sukari. Wanda ya taɓa ganin yadda ake dafa ruwan rake a yi mazarƙwaila ya riga ya san asalin dabarar.

Injin kashi biyu ne: murhun ƙarfe mai bututun hayaƙi, da faffaɗan faranti a samansa. Faɗin yana da amfani, domin tururi daga saman ruwa yake tashi. Wasu farantan an raba su layi-layi, ta yadda ɗanyen ruwa zai shiga ta gefe ɗaya, yana tafiya yana kauri har ya isa famfon da ake tatsa.

Lissafi kafin a hura wuta

Masu sana'ar suna da wata ƙa'ida mai sauƙi: raba 86 da adadin sukarin ruwanka. Idan kashi 2 ne, kana buƙatar lita 43 kafin ka samu lita 1. Idan kashi 2.5 ne, lita 34 da ɗan ɗori sun isa. Shimfiɗaɗɗen faranti mai tsawon santimita 120 da faɗin 60 yana ƙone wajen lita 30 a awa guda. Ke nan awa ɗaya a gaban wuta ba za ta ba ka cikakkiyar lita ba. Kalkuletar wayarka za ta gaya maka tun da safe ko za ka kai dare kana dahuwa.

Abin da yake lalata faranti

Ana barin zurfin ruwan tsakanin santimita 2.5 zuwa 5. Idan ya fi haka, tafasa za ta yi nawa. Idan ya gaza, sukari zai kama gindin farantin ya ƙone cikin 'yan mintuna, ƙarfen ya lanƙwashe, aikin kwanaki ya tafi a banza. Shi ya sa ake ajiye bokitin ɗanyen ruwa kusa da hannu. Idan kumfa ta taso za ta zube, ɗigon man girki ɗaya yana kwantar da ita.

Wutar kuma tana son busassun ƙananan faskare, ana ƙarawa duk bayan 'yan mintuna domin tafasa kada ta faɗi. A daina sa itace tun ruwan ajiya bai ƙare ba, saboda murhun yana ci gaba da zafi bayan wuta ta mutu.

Digiri 4 da suke yanke hukunci

Nan ne yawancin sababbin shiga suke shan wahala. Zumar tana nuna idan zafinta ya ɗara zafin tafasar ruwa da kusan digiri 4 a ma'aunin Salshiyos. Amma ruwa ba kullum yake tafasa a digiri 100 ba. Hakan ya danganta da nauyin iska: a bakin teku 100 ne, a wuri mai tudu kamar Jos kuwa wajen 96. Ko a gari ɗaya ma yana ɗan sauyawa idan yanayi ya canza. Wanda ya haddace 104 kawai zai iya sauke zuma tsararo yau, gobe kuma ya wuce gona da iri. Mafita ita ce a tafasa zallan ruwa a ranar, a auna, sannan a ƙara 4.

Kuskuren yana da tsada ta kowane ɓangare. Ƙasa da kashi 66, zumar za ta yi tsami ko fumfuna a kwalba. Idan ta haura 68, sukarin zai daskare ya zama duwatsu. Don haka ake tabbatarwa da haidiromita, wani bututun gilashi da yake yin sama idan ruwa ya yi kauri, ko rifiraktomita, mai auna sukari daga ɗigo ɗaya. Akwai ma'aunan zafi masu Bluetooth da suke sa waya ta yi ƙara idan an kai lambar da aka saita, amma ba su ganin zurfin ruwa, don haka barin gaban murhu haɗari ne.

Daga ƙarshe a tace zumar da zafinta domin cire yashin ma'adinan da ke kwanciya, a zuba a kwalba tana kan digiri 82 zuwa 85, a rufe nan take. Mu haɗu a rubutu na gaba.