Suna Ɗaya, Jarumai Barkatai: Yadda Captain Marvel Ya Kuɓuce wa Mai Shi

A watan Maris na 2019 kamfanin Marvel ya saki fim ɗin Captain Marvel, inda Brie Larson ta fito a matsayin Carol Danvers, matuƙiyar jirgin yaƙi. Wata guda bayan haka sai abokin hamayyarsa, kamfanin DC, ya saki Shazam!, labarin wani yaro da ke furta kalma ɗaya ya rikiɗa ya zama ƙaton gwarzo. Mai kallo zai iya ɗauka abin da ya haɗa finafinan biyu bai wuce Djimon Hounsou ba, ɗan wasan nan haifaffen Kwatano da ya fito a dukkansu. Alhali alaƙarsu ta fi haka nisa. Yaron nan na cikin Shazam! shi ne ya fara amsa sunan Captain Marvel, shekara 28 kafin a zana Carol Danvers. Ita kuwa Carol, ita ce ta bakwai a jerin waɗanda Marvel ya laƙaba wa sunan.

Tambaya biyu ke nan. Yaya aka yi mai suna ya rasa sunansa, har fim ɗinsa ya kasa ambatonsa a kan allo? Kuma me ya sa kamfanin da ya samu sunan ba ya barinsa ya huta, in wannan ya mutu ya ɗora wa wancan?

Abin da hankali zai fara kawowa shi ne cewa tun asali sunan na Marvel ne, tunda ga kalmar nan a jikinsa. Kwanan wata ya rushe wannan zato. Captain Marvel ya fara bayyana ne a mujallar zane mai suna Whiz Comics, fitowa ta 2, mai ɗauke da kwanan watan Fabrairu 1940, kuma kamfanin Fawcett ne ya buga ta. A lokacin, kamfanin da muka sani da Marvel yau Timely ake ce masa, daga baya ya koma Atlas, bai fara amsa Marvel ba sai wajen 1961. Marubuci Bill Parker da mai zane C. C. Beck ne suka ƙirƙiro jarumin Fawcett. Billy Batson maraya ne mai tallan jarida, wani tsohon masihirci ya ba shi kalmar Shazam, wadda aka haɗa daga haruffan farko na sunaye shida: Solomon, wato Sulaimanu, saboda hikima, sai Hercules, Atlas, Zeus, Achilles da Mercury na tatsuniyoyin Girka da Rum. Da ya furta ta, aradu ta faɗo masa, ya zama babban mutum mai jan kaya da tambarin walƙiya a ƙirji.

Yaran Amurka suka rungume shi hannu bibbiyu. Superman baƙo ne daga wata duniya, Batman attajiri ne, amma Billy yaro ne kamarsu. A 1941 kamfanin Republic ya yi masa fim mai kashi 12, tun kafin Superman ya samu nasa na 'yan wasa. A tsakiyar shekarun 1940 mujallar Captain Marvel Adventures tana sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya a kowace fitowa, har ta sha gaban ta Superman. Aka yi masa ƙanwa tagwainiyarsa, Mary Marvel, da aboki, Captain Marvel Jr., gida ya cika.

Wannan farin jini ne ya jawo masa tsangwama. A 1941 masu Superman, kamfanin da daga baya ya zama DC, suka maka Fawcett a kotu bisa zargin satar fasaha. Hujjojinsu ba su da wuyar gani. A bangon Action Comics na farko, na 1938, Superman ne ya ɗaga mota yana rotsa ta. A bangon Whiz Comics, Captain Marvel ne ya yi jifa da mota ta daki bango. Sai 1948 aka zauna shari'ar. Alƙalin farko ya yarda an yi kwaikwayo, amma ya ba Fawcett gaskiya, domin an buga wasu labaran Superman a jaridu ba tare da sanya alamar haƙƙin mallaka yadda doka ta tanada ba. Aka ɗaukaka ƙara. A 1951 alƙali Learned Hand ya juya hukuncin, ya ce haƙƙin Superman yana nan daram, ya mayar da shari'ar ƙasa a tantance abin da aka kwafa. A lokacin kasuwar jarumai ta riga ta ja baya. Fawcett ya auna kuɗin lauyoyi da ribar da ta rage, ya nemi sulhu a 1953, ya biya dala 400,000, ya kuma amince ya daina buga jarumin. Otto Binder, wanda ya rubuta mafi yawan labaransa, ya koma wajen waɗanda suka kai ƙarar, inda ya taimaka aka ƙirƙiro Supergirl a 1959.

A nan mutane da yawa ke tsayawa su ce kotu ce ta ƙwace sunan. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Shari'ar duka a kan labari da zane aka yi ta, babu wanda ya yi jayayya a kan suna. Superman ba ya amsa Captain Marvel, masu shi ba su da abin yi da sunan, kuma babu alƙalin da ya miƙa shi ga kowa. Bayan sulhun ma, Billy Batson da sunansa suna hannun Fawcett. To wa ya ɗauke?

Amsar tana cikin bambancin dokoki biyu. Haƙƙin mallakar fasaha yana kare labari da zane shekaru masu yawa, ko mai shi ya kulle su a akwati. Tambarin kasuwanci, wato sunan da ake sayar da kaya da shi, amfani ne ke raya shi. Dokar Lanham ta 1946, wadda ke kula da tambura a Amurka, ta ce in aka shekara biyu a jere ba a yi ciniki da suna ba, ana iya ɗauka mai shi ya yi watsi da shi. Daga baya aka mayar da wa'adin shekara uku. Kamar rumfa ce a kasuwa: kayan da ke ciki naka ne har abada, amma in ka daɗe ba ka buɗe ba, wata rana za ka tarar an ba wani wurin. Alƙawarin da Fawcett ya ɗauka a 1953 ya hana shi buɗe rumfarsa. Babu wanda ya sace sunan. Zama ya yi babu mai taɓa shi har ya zama na kowa.

Wanda ya fara lura shi ne wani mawallafi, Myron Fass, mai kamfanin M. F. Enterprises. A 1966 ya fito da nasa Captain Marvel, mutum-mutumi ne da ke furta wata kalma hannuwansa da ƙafafunsa da kansa su rabu, kowanne ya tafi faɗa, sannan ya furta wata su dawo su haɗe. Carl Burgos ne ya ƙirƙiro shi. Mujallar ba ta yi nisan kwana ba, amma ta farkar da Martin Goodman, mai kamfanin Marvel. Kamfaninsa na tashe da Spider-Man da Fantastic Four, ga wani can yana sayar da mujalla da kalmar Marvel ɓaro-ɓaro a bango. A fitowa ta 12 ta Marvel Super-Heroes, ta Disamba 1967, Stan Lee da Gene Colan suka gabatar da Mar-Vell, kyaftin a rundunar Kree, wasu halittu na wata duniya, wanda aka turo leƙen asiri sai ya koma kare mutanen da aka aiko shi ya leƙa. A 1968 aka ba shi mujallarsa, sunan kuma ya zama tambarin kasuwancin kamfanin. A wannan karon sunan ne ya riga jarumin zuwa, aka ƙera masa mai ɗauka.

Mar-Vell bai burge masu saye sosai ba da farko. A 1969 Roy Thomas da Gil Kane suka sake masa kaya, suka ɗaure shi da wani matashi, Rick Jones: in Rick ya gwara wasu mundaye biyu na hannunsa, sai su yi musayar wuri, yaro ya ɓace gwarzo ya bayyana. Duk wanda ya san Billy Batson ya san inda aka ɗebo wannan. Duk da haka mujallar ta tsaya a 1970. Sai ga ta ta dawo a 1972, shekara biyu cif, kuma a shekarar ce wani abu ya faru a ɗaya ɓangaren.

DC, wanda ya kashe kasuwar Billy Batson, ya je wajen Fawcett ya karɓi hayar jarumin domin ya farfaɗo da shi. Da aka zo buga mujallar a 1973, da C. C. Beck a kan zane, sai aka tarar ba halin rubuta Captain Marvel a matsayin sunanta. Aka sa mata Shazam!, aka ƙara wani ƙaramin layi a bango da ke cewa wannan ne Captain Marvel na asali. Lauyoyin Marvel suka aiko da takardar gargaɗi, aka cire layin. A cikin shafuka ana iya kiransa da sunansa, tunda labarin da jarumin ba na Marvel ba ne, amma a bango da talla da kwalin kayan wasa, sai dai Shazam. Shirin talabijin da tashar CBS ta fara nunawa a 1974 shi ma haka aka kira shi. Yaran da suka taso a lokacin suka ɗauka sunan mutumin ke nan. A 1991 DC ya saye jarumin ɗungurungum, amma sunan da ke bango bai shiga cinikin ba, domin mai sayarwar ba shi da shi. A 2012, da Geoff Johns da Gary Frank suka sabunta labarin, DC ya haƙura ya mayar da sunan jarumin Shazam. Tambaya ta farko ta samu amsa ke nan: wanda ya kai ƙara shi ne ya jawo sunan ya zube, kuma shi ne ya zo ya gaji asarar.

Saura ta biyu, kuma wanda ya riƙe zancen dokar nan ya riga ya hango ta. Marvel ya samu sunan ne saboda wani ya daina amfani da shi, ga kuma DC a gefe riƙe da mai sunan na asali. Ranar da Marvel ya yi sakaci, abin da ya ci Fawcett shi zai ci shi. A jera shekarun a gani. Mujallar Mar-Vell ta ƙare a 1979, a fitowa ta 62. A 1982 Jim Starlin ya rubuta ya kuma zana The Death of Captain Marvel, inda gwarzon ya mutu a kan gado da ciwon daji, abokansa jarumai na kewaye da shi sun rasa yadda za su yi. Labarin ya ratsa masu karatu har kamfanin ya bar shi a kabarinsa, abin da ba a saba yi wa jaruman mujalla ba. Amma shekarar ba ta ƙare ba sai da Roger Stern da John Romita Jr. suka fito da Monica Rambeau, baƙar fata, jami'ar sintirin tashar jiragen ruwa ta New Orleans, mai iya rikiɗa ta zama haske. Ba ta haɗa komai da Mar-Vell ba sai suna. Ta kai har ga shugabantar ƙungiyar jarumai ta Avengers, amma mujallar da ke ɗauke da sunanta a bango sau biyu ta fito, ɗaya a 1989, ɗaya a 1994. Mujalla mai fitowa ɗaya tak ba ta gina jarumi, amma tana isa ta nuna cewa ana ciniki da suna.

A 1995 aka miƙa sunan ga Genis-Vell, ɗan Mar-Vell, daga baya Monica ta koma Photon. Peter David ya ja labarin Genis daga 1999 zuwa 2004, a ciki 'yar'uwarsa Phyla-Vell ta yi iƙirarin sunan ita ma. A 2007 aka ga kamar Mar-Vell ya tashi daga matattu, ashe wani ɗan ƙabilar Skrull ne mai suna Khn'nr, da aka sauya wa kama da tunani har shi kansa ya yarda da ƙaryar. A 2009 wani jarumin, Noh-Varr, ya ɗan riƙe sunan. Marubutan nan sun yi aikinsu da gaske, wasu labaran ma sun yi kyau ƙwarai. Sai dai duk lokacin da sunan ya fara daɗewa a ajiye, sai an samu wanda aka ɗora wa.

Abin da ya kawo ƙarshen wannan yawo yana cikin gidan tun farko. Carol Danvers ta bayyana a Maris 1968, fitowa ɗaya bayan Mar-Vell, a matsayin shugabar tsaro ta wani sansanin soja. Fashewar wata na'urar Kree ta ba ta ƙarfi, ta zama Ms. Marvel a 1977, daga baya Binary, sannan Warbird. Sai a Yulin 2012, a hannun marubuciya Kelly Sue DeConnick, da sabbin kayan da Jamie McKelvie ya tsara, ta karɓi sunan Captain Marvel. A karon farko tun 1967 sunan ya samu mai riƙe shi da jama'a suka bi saboda ita kanta, kuma fim ɗinta ya tara sama da dala biliyan ɗaya.

Hawan Carol ya bar wani sunan a ƙasa, wato Ms. Marvel. Kamfanin da ya san yadda ya samu Captain Marvel bai bar wannan ya yi sanyi ba. A Fabrairun 2014 aka fara sabuwar mujallar Ms. Marvel, a hannun marubuciya G. Willow Wilson da edita Sana Amanat da mai zane Adrian Alphona, aka ba da sunan ga Kamala Khan, yarinya Musulma 'yar shekara 16, 'yar asalin Pakistan da ke zaune a Jersey City.