3.2 Karɓuwar Mata a Siyasar Zaɓe

A wannan sashe za a duba abin da ake nufi da karɓuwa, wato amincewar da al'umma ke yi wa mace har ta ba ta ƙuri'a. Karɓuwa tana da matakai uku: doka ta ba da dama, jam'iyya ta tsayar, sannan masu zaɓe su yarda. Idan ɗaya ya ɓace, sauran ba sa kai mace ga kujera.

Ta fuskar tarihi, shugabancin mata ba baƙo ba ne a gabashin Sakkwato. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ce, inda aka binne shi a 1837, kuma 'yar'uwarsa Nana Asma'u (1793-1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke jagorantar matan ƙauyuka wajen neman ilimi. Sai dai wannan shugabanci na ilimi ne a tsakanin mata. Tsayawa a dandali don neman ƙuri'ar maza wani abu ne daban, kuma a nan ne aka fi samun turjiya.

Matakin doka ya zo a makare, domin matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita. Kafin nan, Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha ɗauri sau da dama saboda wannan fafutuka. Duk da haka, bayan zaɓen 2023 mata huɗu kacal suka zauna a Majalisar Dattawa mai kujeru 109, Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato kuwa ba ta sami mace ko ɗaya ba. Dalilan sun haɗa da tsadar takara, da tarukan dare na jam'iyyu, da zargin rashin kamun kai da ake jifan 'yar takara da shi.

Wannan zargi ya nuna cewa rayuwar mace ta gida tana cikin abin da masu zaɓe ke aunawa, kuma ma'aunin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Aisland, Jóhanna Sigurðardóttir, wadda ba ta ɓoye zamanta da mace 'yar'uwarta ba, ta zama Firayim Minista a 2009. A Amurka ma an zaɓi Tammy Baldwin Majalisar Dattawa a 2012. A waɗannan wurare ra'ayin jama'a ya sauya, doka ta bi sawu. A Nijeriya kuwa doka da addini da al'ada sun haɗu wajen hana maɗigo: dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi.

Abin lura daga wannan kwatance shi ne, kowace al'umma tana da iyakar da ta shata wa karɓuwa. A ƙasar Magarya muhawarar tana kan tushe tukuna, wato ko matar aure mai mutunci za ta iya wakiltar mazaɓarta ba tare da an ci zarafinta ba. Sashe na gaba zai duba rawar da malamai da sarakuna ke takawa a kan wannan batu.