Cinikin Biri A Sama: Wa Zai Gwada Mana Batir?

Bara waccan mu malaman wata makaranta a zangon Kumasi muka yi karo-karo, iyayen yara suka cika mana, muka sayi farantin sola da babban batir, domin 'yan ajin ƙarshe su samu hasken yin bita da dare kafin jarrabawa. A jikin batirin an rubuta 100Ah da manyan baƙaƙe, mai shago kuma ya yi mana rantsuwa cewa zai yi shekara huɗu. Wata bakwai ya yi. Da farko fitilu kan kai ƙarfe goma na dare, suka dawo ƙarfe tara, daga baya ko sallar lisha ba sa kaiwa. Da muka mayar da shi, sai mai shago ya ɗora masa ɗan ma'auninsa, ya nuna mana ya haura bolt 12, ya ce: "Malamai, lafiyarsa lau, ku ne ba ku iya riƙo ba." Muka dawo da kayanmu, ba mu da hujjar da za mu kafa masa.

Sai muka tuna da wani tsohon ɗalibinmu da ke karatun injiniya a wata jami'a, muka roƙe shi ya auna mana. Yaron ya ce: "Malam, ni kaina da nake rubuta kundina a kan batir, layi nake bi kafin in samu na'urar, kuma idan aka ɗauke wuta a tsakiyar gwaji sai in koma farko." Wannan amsa ita ce dalilin rubutun nan. Ashe matsalar ta wuce mai shago ɗaya. Matuƙar masu bincikenmu ba su da hanyar shiga ɗakin gwaji mai kayan aiki a lokacin da suke bukata, to kowane batir da muka saya, na waya ne ko na mota ko na sola, cinikin biri a sama muke yi.

Yadda ake gane gaskiyar batir

Batir ba kamar atamfa ba ne da za a murza a hannu a san ingancinsa. Ma'aunin mai shago ƙarfin wutar yake nunawa a wannan lokaci kawai, ba ya faɗin yawan wutar da ke ciki, kamar yadda famfo kan zubo ruwa da ƙarfi ko da tankin ya kusa ƙarewa. A ƙa'ida, idan an rubuta 100Ah a jikin batir mai dalma, ana nufin zai iya ba da amfiya 5 har tsawon awa 20 kafin ya sauka. Don haka gwaji ɗaya tak yana cin kusan yini da kwana, ana bukatar kuma na'urar da za ta riƙa jan wutar daidai wa daida tana rubutawa.

Wannan ma shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne sanin tsawon ransa. Dole a cika batir da caji, a sauke shi, a sake cikawa, a sake saukewa, sau ɗaruruwa, ana duba yadda yake raguwa. Masana kan ɗauki batirin litiyam, watau irin na wayoyinmu, a matsayin wanda ya tsufa idan ya koma riƙe kashi 80 cikin 100 na abin da yake riƙewa yana sabo. Mu yi lissafi irin na aji: idan zagaye ɗaya yana cin awa 4, za a yi zagaye 6 a rana, zagaye 500 kuwa zai ci kwana 83, kusan wata uku ke nan na'ura tana aiki dare da rana ba tsayawa. Kuma batir ɗaya ba ya zama shaida, sai an gwada da yawa a jere. Wanda ya sha dumsor a ƙasar nan daga 2012 zuwa 2016 ya san abin da ake nufi da neman wutar wata uku ba yankewa.

Sai batun zafi, wanda ya fi shafarmu. Galibin alkawarin da kamfanoni kan rubuta, sun auna shi ne a yanayi mai digiri 20 zuwa 25. Masu sana'ar sun daɗe da sanin cewa duk ƙarin digiri goma a kan haka yana rage kusan rabin ran batir mai dalma. A Tamale da Bolgatanga da Nabrongo zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, balle a cikin ɗaki mai rufin kwano. Ke nan ko da mai shago bai yi mana ƙarya ba, mai yiwuwa alkawarin da ya karanta mana na wata ƙasa ne. Kafin a san abin da batir zai yi a wajenmu, sai an sa shi cikin akwati na musamman da ake saita zafinsa. Wanda kuma yake so ya haɗa sabon batirin litiyam da hannunsa, yana bukatar wani akwatin mai safar hannu, cike da iskar argon, saboda litiyam ba ya shiri da danshi ko kaɗan.

Akwai kuma gwajin haɗari: a matse batir, a girgiza shi, a gasa shi, a haɗa bakinsa biyu, a ga ko zai kama wuta. Ba a yin wannan sai a ɗakin da aka gina don haka. A 2016 kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa bayan da wasu suka yi ta kamawa da wuta. Kafin ya bayyana musabbabin a watan Janairun 2017, sai da injiniyoyi 700 suka gwada wayoyi 200,000 da batura 30,000. Idan babban kamfani irin wannan bai gane laifin kayansa ba sai da wannan wahala, ina ga ɗalibi mai na'ura ɗaya ta aro?

Abin da wasu suka yi

Kayan nan suna da tsada ƙwarai, ba kowane sashe na jami'a ne zai iya mallakarsu ba. Dabarar da wasu ƙasashe suka yi ita ce a gina wuri ɗaya mai kyau, a buɗe ƙofarsa ga kowa bisa ƙa'ida. A Ingila an kafa cibiyar Faraday a 2017 domin haɗa kan jami'o'in da ke binciken batir, sannan a 2021 aka buɗe wata babbar cibiya a garin Kobantiri wadda ta ci fam miliyan 130, inda kamfani ko mai bincike zai je ya gwada ƙera batirinsa ba tare da ya gina masana'anta tasa ba. Kada mu ce wannan sai Turawa. A Afirka ta Kudu an fara shirin uYilo a 2013 a jami'ar da ke ɗauke da sunan Nelson Mandela, aka kuma kafa masa ɗakin gwajin batir da ke karɓar aiki daga waje.

Mu ma mun taɓa ganin amfanin gwaji. A 2007 Bankin Duniya ya ƙaddamar da shirin Lighting Africa, aka fara da Gana da Kenya, domin a raba fitilun sola na ƙwarai da na banza. Ba da wa'azi aka yi ba, da ɗakin gwaji aka yi: a sayi fitila, a auna haskenta da batirinta, a kwatanta da abin da aka rubuta a kwali.

Arzikin ƙasa da ƙofar ɗaki

Yanzu maganar ta ƙara nauyi. A watan Oktoban 2023 gwamnati ta sa hannu da wani kamfani a kan haƙar litiyam na shekara 15 a Ewoyaa, kusa da Mankessim. Zimbabuwe ta hana fitar da ɗanyen litiyam a ƙarshen 2022. Kwango ita ke ba duniya kusan kashi 70 cikin 100 na kobal, wanda shi ma ake sa wa a batir. Amma mun ga yadda aka yi da koko da zinariya: mu fitar da ɗanye, a dawo mana da shi a kwali da tsada. Ƙasar da ba ta iya auna batirin da ta sayo ba, yaya za ta ƙera nata?

Ga kuma lafiyar jama'a. Duk batirin da ya mutu da wuri, hannun masu gwangwan yake komawa, cikinsu akwai 'ya'yanmu na zango, su fasa shi, su zubar da ruwan, su narka dalmar. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda gubar dalma daga irin wannan sana'a. Batir mai shekara huɗu maimakon wata bakwai, raguwar guba ce a tsakar gidajenmu.

Roƙonmu

Ba mu rasa masu ilmi ba. Ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah a nan Kumasi, ga ta makamashi a Sunyani, ga ta ma'adinai a Tarkwa, ga kuma hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙo su haɗu a kan ɗakin gwaji na tarayya, mai wutar da ba ta yankewa, da ma'aikatan da za su kula da na'urori, da kuɗin gyara a ajiye. A rubuta ƙa'idar shiga a fili, yadda ɗalibin da ba shi da uwa a gindin murhu zai sa sunansa ya san ranarsa. Kamfani ya biya cikakken kuɗi, ɗalibi ya biya kaɗan. Sakamakon gwajin baturan kasuwa kuma a buga shi, har da Hausa, kowa ya gani. A 2020 majalisa ta zartar da dokar asusun bincike na ƙasa. Ga wuri ɗaya da ya cancanci kuɗinsa.

Sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, ku ɗauki maganar nan zuwa ga 'yan majalisarmu. Kafin nan, duk mai sayen batir ya karɓi rasit da takardar garanti, ya ajiye shi a inuwa inda iska ke shiga, kada kuma ya bari ya sauka ƙurmus. Namu yana nan a ofishin hedimasta, mun hana a sayar wa masu gwangwan. Tsohon ɗalibinmu ya yi alkawari ranar da layi ya zo kansa zai auna mana shi, mu san ko 100Ah ɗin nan gaskiya ce. Allah ya nuna mana.