Cin abinci a birnin Kanton

Kanton babban birni ne a kudancin ƙasar Sin. Mutanensa gwanayen girki ne. Da safe suna shan shayi da ƴan ƙananan lomomi masu suna dim sum, waɗanda ake turarawa cikin kwandunan gora. Da tsinke biyu ake cin su!

Amma sau da yawa akwai naman alade a ciki. Tun shekarun 1990 fataken Afirka ke zuwa Kanton sarin kaya. Musulmi daga cikinsu sai su nufi unguwar Shiyawbe. Can akwai gidajen abincin Musulmin Sin, da Larabawa, da Turkawa. Ana gasa tsiren rago, ana jan taliya da hannu. Duk da haka, kafin baƙo ya zauna, yakan tambaya ko naman halal ne.