Rama Ba Gaira Ba Dalili: Hannun Garkuwar Jiki a Ciki

Idan mutum ya fara ramewa, a gida akan ce rashin cin abinci ne. Sau da yawa kuwa, rashin cin abincin shi ma alama ce ta wata cuta da jiki ke yaƙi da ita.

Me ke faruwa a jiki?

Ƙwayoyin garkuwar jiki suna aika wa juna saƙo ta hanyar wasu sinadarai da ake kira saitokin, irin su TNF da IL-6. Idan cuta ta shiga, su ke tayar da zazzaɓi, su kuma sa ƙwaƙwalwa ta rage sha'awar abinci. A gajeriyar rashin lafiya wannan ba matsala ba ce. Amma idan cutar ta daɗe, sai su sa jiki ya riƙa ƙona kitsensa da naman jikinsa.

Makiyaya sun san yadda sammore ke ramar da saniya ko da ciyawa ta wadata. Irin wannan rama ce ta ja hankalin Anthony Cerami, masani ɗan Amurka. A 1985, shi da Bruce Beutler suka nuna cewa sinadarin da suke zargi da haddasa ramar shi ne TNF. Haka abin yake ga mai tarin fuka, ƙanjamau ko ciwon daji.

Haɗarin "sha ka fashe"

Wasu magungunan ƙiba da ake saye a kemis suna ɗauke da dezametason. Yana kumbura fuska, ya buɗe ciki, sai a ɗauka an samu sauƙi. Alhali danne garkuwar jiki yake yi, tarin fuka ya ƙara ƙarfi, suga da hawan jini su tashi.

Yaushe za a je asibiti?

- Idan nauyi ya ragu da kashi 5 cikin 100 a wata 6 zuwa 12 ba da niyya ba, misali mai kilo 60 ya rasa kilo 3.
- Tari na mako 2 ko fiye.
- Zufar dare ko zazzaɓin da ya ƙi tafiya.

Mutanen Jega, Aliero da Maiyama, a fara da babban asibitin da ya fi kusa, a nemi gwajin majina, na ƙanjamau da na suga. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma yawanci wata 6 ake shan maganin. Da zarar cutar ta fara lafawa, cin abinci zai dawo, jiki ya biyo baya. A taimaka wa majinyaci da wake, gyaɗa, ƙwai, kifi da dafaffen nono.