"Impeach": Tuhuma Ce Kafin Ta Zama Tsigewa



A watan Disambar 2019, Majalisar Wakilan Amurka ta kaɗa ƙuri'a kan Shugaba Donald Trump, kafofin labaran Turanci suka cika da kalmar "impeach". Mutane da dama suka ɗauka shi ke nan, an tsige shi. Amma ya ci gaba da mulki har wa'adinsa ya ƙare a Janairun 2021.

Abin da kalmar ke nufi a can shi ne majalisa ta tuhumi mai riƙe da muƙami a hukumance. Ta shigo Turanci ta tsohon Faransanci, tushenta kuma wata kalmar Latin ce mai nufin dabaibaye ƙafa. Majalisar Ingila ce ta fara bin wannan hanya a 1376, lokacin da ta tuhumi Lord Latimer, na hannun daman Sarki Edward na Uku, da almundahana.

A Amurka aikin hawa biyu ne. Majalisar Wakilai ta shigar da tuhuma, Majalisar Dattawa ta zauna a matsayin kotu, kuma sai an samu kashi biyu bisa uku kafin shugaba ya sauka. Andrew Johnson ya sha da ƙyar a 1868, ƙuri'a ɗaya tak ta rage a cire shi. Bill Clinton ya tsira a 1999. Trump kuwa sau biyu aka tuhume shi. A karo na biyu sanatoci 57 suka ce yana da laifi, alhali 67 ake buƙata. Har yau babu shugaban Amurka da aka sauke ta wannan hanya. Richard Nixon ma murabus ya yi a 1974, tun kafin a kaɗa ƙuri'ar.

A Najeriya kuwa kalmar ta ɗauki wani nauyi dabam. Idan aka ce an yi wa gwamna "impeachment", galibi ana nufin har kujerar ta tafi. Haka ta faru da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP a Yunin 1981. Majalisar dokokin tsohuwar jihar Kaduna, wadda jam'iyyar NPN ke da rinjaye a cikinta, ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, daga baya ta tsige shi.

Wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne ga mai fassara labarai, domin tsakanin tuhuma da tsigewa ne haƙƙin wanda ake zargi yake. Sashe na 188 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce sai babban alƙalin jiha ya naɗa kwamitin mutum bakwai ya yi bincike, gwamna kuma ya samu damar kare kansa. 'Yan majalisar Oyo sun tsige Gwamna Rashidi Ladoja a Janairun 2006 ba tare da bin ƙa'ida ba, Kotun Ƙoli ta tabbatar da soke tsigewar, ya koma ofis a Disambar shekarar.