UWARGIDA PAULINE TALLEN: MACEN DA TA NEMI KUJERAR GWAMNAN FILATO

Duk wanda ya san Taminus, a tsakiyar birnin Jos, ya san mata ne ƙashin bayan cinikin wurin. Tun da asuba suke baje kolin dankalin Turawa da kabeji da tumatir, in kuwa ranar zaɓe ta zo su ne ke sammakon shiga layi. Amma fa ba haka al'amarin yake a da ba. A zamanin Jamhuriya ta Farko matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a, balle su tsaya takara, kuma wajen neman wannan 'yanci ne marigayiya Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri. Sai cikin 1976, a zaɓen ƙananan hukumomi, aka buɗe musu ƙofa, sa'an nan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita.

A cikin wannan shekara ta 1976 aka ƙirƙiro Jihar Filato, a cikinta ne kuma wata yarinya ta kama aikin akawu a ƙaramar hukumar Shendam. Ita ce Uwargida Pauline Kedem Tallen, wadda aka haifa ran 8 ga watan Janairu, 1959, wadda kuma bayan shekara 31 ta zama mace ta farko da aka zaɓa Mataimakiyar Gwamna a Arewacin Nijeriya.

Aikin akawu bai hana ta neman ilmi ba, domin ta shiga Jami'ar Jos, ta sami digiri a fannin nazarin zamantakewar jama'a cikin 1982. Ta riƙe muƙamin Kwamishina a jihar zamanin mulkin soja. Da mulki ya komo hannun farar hula cikin 1999, Shugaba Olusegun Obasanjo ya naɗa ta Ƙaramar Ministar Kimiyya da Fasaha.

Cikin 2007 jam'iyyar PDP ta tsayar da Jonah David Jang takarar Gwamna, ita kuma ta zama abokiyar takararsa. Haɗin ya dace da yadda Filato ke rabon muƙamai tsakanin shiyyoyinta uku, watau shi daga arewa, ita daga kudu. Aka rantsar da su ran 29 ga watan Mayu. Gaskiya ne Uwargida Pamela Sadauki ta riƙe irin wannan kujera a Jihar Kaduna tun 1990, amma nata naɗi ne na gwamnatin soja, wannan kuwa ta akwatin zaɓe aka same ta.

Shekarun ba su zo wa jihar da sauƙi ba. Rikicin da ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa cikin Nuwamba, 2008, da wanda ya sake ɓarkewa cikin Janairu, 2010, sun cinye rayukan ɗaruruwan mutane, sun kuma raba unguwannin birnin bisa addini. Babbar kasuwar Taminus, wadda gobara ta cinye cikin Fabrairu, 2002, ta ci gaba da zama kufai har wannan gwamnati ta gama wa'adinta, 'yan kasuwa suna kasa kaya a bakin titin Ahmadu Bello.

Tsarin mulki bai ba Mataimakin Gwamna wani aiki na kansa ba sai abin da Gwamna ya ga dama ya miƙa masa, saboda haka yawancin masu riƙe da kujerar kan yi shiru su jira rabo. Uwargida Tallen ba ta jira ba. Da tafiya ta ɓaci tsakaninta da Gwamna Jang, sai ta fice daga PDP ta shiga jam'iyyar Leba, ta fito neman kujerar maigidan nata a zaɓen Afrilu, 2011. Tsohon Gwamna Joshua Dariye ma a wannan jam'iyya ya ci kujerar Majalisar Dattawa a shekarar. Ita kuwa ta zo ta biyu, Jang ya zarce. Ta rasa kujerar da take kai, ba ta sami wadda ta nema ba, amma ta nuna wa jam'iyyu cewa mace na iya tara ƙuri'u da sunan kanta.

Daga baya ta koma jam'iyyar APC. Cikin 2016 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa sunanta cikin jerin jakadu, sai ta yi godiya ta ƙi karɓa, abin da ba safai 'yan siyasa ke yi ba. Dalilanta su ne jinyar mijinta, John Tallen, wanda ya rasu cikin 2017, da kuma adalcin rabon muƙamai tsakanin shiyyoyin jihar. Cikin Agusta, 2019, aka rantsar da ita Ministar Harkokin Mata, ta riƙe ma'aikatar har watan Mayu, 2023. A nan ta matsa wa jihohi lamba su amince da Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 da dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015. Har wa yau a zamaninta ne, ran 1 ga watan Maris, 2022, Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurorin da suka nemi ƙara wa mata kujeru, mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar Majalisar.

Hanyar da ta share ba ta toshe ba. Dakta Hadiza Balarabe ta zama Mataimakiyar Gwamnan Kaduna cikin 2019, Uwargida Josephine Piyo kuma ta hau irin wannan kujera a Filato cikin 2023. Amma babbar kujerar tana nan inda take. Marigayiya Hajiya A'isha Alhassan ta neme ta a Taraba cikin 2015, Hajiya A'ishatu Binani ta neme ta a Adamawa cikin 2023, duk ba su dace ba, kuma tun daga 1979 har zuwa zaɓen 2023 babu jihar da ta zaɓi mace Gwamna. Tun da yake sai jam'iyya ta tsayar kafin jama'a su zaɓa, ragowar aikin yana wuyan shugabannin jam'iyyu, waɗanda ke zuwa Taminus neman ƙuri'ar mata duk bayan shekara huɗu.